Hausar da na koya wa mai kaki

Shekarun baya, gab da a rufe boda, ina koyar da Turanci a wata sakandare a Jibiya. A lokacin ne aka tura mu Katsina wani taron bita, inda wata malama ta yi kwanaki tana nuna mana cewa ba a koyon harshe da haddar jimloli a allo. Ta ce a ba ɗalibi aiki na gaske ya je ya yi da harshen. Ya sayo abu a kasuwa, ya nemi alfarma, ya ba da haƙuri, ya ƙi tayi ba tare da ya ɓata wa mai tayin rai ba. Ta ce sanin kalma daban, sanin wanda za ka faɗa wa ita da lokacin da za ka faɗe ta daban. Na dawo gida kaina ya kumbura kamar ni na ƙirƙiro abin. Har matata sai da ta gaji da labarin bitar nan, ta ce in dai ba tuwo zai zama ba in rabu da ita.

A aji ban samu yadda nake so ba, domin yaran sun fi ƙarfin ɗakin, kafin ka raba su rukuni-rukuni an kaɗa ƙararrawa. Ina cikin wannan takaicin sai ga ɗalibi guda, babba, har ƙofar gidana.

Ma'aikaci ne cikin masu kakin da ke aiki a kan iyaka, can Magama. Kada ma ku tambaye ni na wace hukuma ne, ba zan faɗa ba. Bayarabe ne, Musulmi, sabon zuwa, saurayi mai fara'a da saurin dariya. Wani abokina mai shagon cajin waya ne ya haɗa mu. Ma'aikacin ya ce mini da Turanci ya gaji da tsayawa kamar gunki mutane suna magana a kansa. Ya ce ranar da ya fara aiki ya ce wa wani dattijo "kai, zo nan", don iyakar Hausar da abokan aikinsa suka koya masa ke nan, sai tsohon ya yi masa wani irin kallo da ya hana shi cin abinci ranar. Wannan maganar ce ta saye ni. Na ce a raina, mai kakin da ke jin kunya ai abin a taimaka ne.

Muka fara, bayan la'asar, a gindin dogon yaron da ke ƙofar gidana. Ban taɓa ba shi alli ko allo ba. Aikinsa na farko shi ne ya je teburin mai shayi ya sha shayi, amma kada ya ambaci shayin sai ya gama gaisuwa kakaf, tun daga kwana da gajiya har iyali da kasuwa. Ya dawo yana dariya, ya ce shi a zatonsa mai shayin zai kore shi don ɓata lokaci, sai ga shi an ƙara masa madara. Ranar Lahadi na tura shi kasuwar Jibiya ya sayo tabarma. Na ce ya taya, in an ce albarka ya ƙara, amma kada ya kushe kayan mutum don neman ragi. Na koya masa cewa in ya tarar ana cin abinci aka ce bismilla, ba a cewa "ba na ci", ko dai ya sa hannu ya ɗan taɓa ko ya ce alhamdu lillahi. Na koya masa cire takalmi, da durƙuso, da yadda ake sunkuyar da kai in babba na magana, da abin da ake faɗa wa wanda ya yi asarar dukiya, wato Allah ya mayar da alheri.

Duk aikin da zai je, sai mun gwada shi tukuna a gida. Ni ne dattijo, ni ne mai tabarma, ni ne mai makoki. Na sha naɗa gyalen matata a matsayin rawani ina kwaikwayon tsoho mai nauyin ji, maƙwabta na leƙe ta katanga suna cewa Malam ya fara taɓuwa. In ya dawo kuma mu zauna ya ba ni labarin abin da ya ce da abin da aka ce masa, mu gyara inda ya yi tuntuɓe.

Wallahi yaron nan yana da kai. Kafin damina ta fita ya je ta'aziyya shi kaɗai, ya zauna kan tabarma ya yi shiru yadda ake yi, ya yi addu'a ya tashi, babu wanda ya ɗaga ido. Direbobin hanyar Maraɗi suka fara labarin wani mai kaki da ke tambayar mutum ya iyali kafin ya tambaye shi takarda. Ni kuwa in na ji sai in gyara hula in ce ai ɗalibina ne. Ko ba a tambaye ni ba sai na faɗa.

To, bari in gaya muku ko wane ne kawuna, don a kansa labarin yake. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya riƙa kai ni firamare a bayan kekensa, shi ya nema mini aure. Bagobiri ne na asali, da zanensa raɗau a fuska. Yana zaune a wani ƙauye dab da iyaka, gonarsa ma rabi tana Najeriya rabi tana Nijar, 'yarsa kuma tana aure a tsallake. Dukiyarsa a duniya bijimai biyu ne na huɗa, fari da ja, da amalanken da suke ja. Ya fi kula da su a kan kansa. Duk Juma'a bayan masallaci can nake zuwa, mu ci tuwo a akushi ɗaya. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai ɗan boko. "Ɗan boko, matso ka ci, biro ba ya ƙosar da kowa." In bai tsokane ni ba a rana, to ba shi da lafiya.

Wata rana dabara ta faɗo mini, na ji daɗinta har na kasa zama. Kun san Gobirawa da Yarabawa abokan wasa ne, kowa na cewa ɗayan bawansa ne. Na ce wa ɗalibina ga aikinsa na ƙarshe, wanda in ya ci shi ya sauke. Zai je ya tsokani tsoho Bagobiri a cikin gidansa, tsohon ya yi dariya maimakon fushi. Na zaunar da shi na yi masa bayanin wasan nan dalla-dalla. Abokin wasa zai zage ka, ya ɗauke maka hula, ya ci abincinka ba tayi, kuma ba ka da ikon fushi. Amma akwai sharaɗi, kuma na nanata masa shi ba sau ɗaya ba. Abin da aka faɗa a wasa a wasa yake tsayawa, kuma abokin wasa ba ya cutar da abokin wasansa, don amana ce ta kaka da kakanni.

"Na gane, Malam," in ji shi.

Ranar Juma'a muka tafi tare, ba kaki. Ya yi sallama, ya cire takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa ya jero gaisuwa har da ta shanu. Kawu yana amsawa yana kallona, alamar ina ka samo wannan. Da gaisuwa ta ƙare sai yaron ya ɗago kai ya ƙura wa zanen Kawu ido, ya ce cikin tausayi, "Baba, sannu. Wace kyanwa ce ta yi maka wannan aika-aika a fuska?"

Kawu ya juyo ya dube ni.

"Ɗan boko," in ji Kawu, "wanga yaro ɗan wace ƙasa ne?"

"Bayarabe ne, Kawu."

Kawu ya fashe da dariya har da tari, yana buga cinya. "Ashe bawana ne ya ɓace ya dawo gida! Ku kawo mashi hura. Kada ku sa yaji, wanda ya ci a garinsu ya ishe shi har tsufa."

Ranar a akushi ɗaya muka ci mu uku. A hanyar dawowa na ce wa ɗalibina ya sauke, ba ni da sauran abin koya masa. Ina tuƙa babur ina jin kamar a ba ni kujerar farfesa.

Daga nan ya riƙa zuwa ko ba ni. Ya kai wa Kawu goro da manja, Kawu ya ba shi ƙwan zabi. Matar Kawu tana ce masa ɗana. In ya kwana biyu bai leƙo ba sai Kawu ya ce in gaya wa bawansa ya gaji da gudun aiki.

Sai aka rufe boda. Wanda bai zauna Jibiya a lokacin ba ba zai gane ba. Gari ne da ke numfashi da hanyar nan, aka wayi gari an toshe ta. Masu lodi, masu tura baro, masu abinci a tasha, kowa ya zauna. Mutane suka koma bin daji da 'yan buhunan shinkafa. Ba zan yi muku ƙarya ba, har da Kawu. Mijin 'yarsa kan ajiye masa 'yan buhuna a tsallake, shi kuma ya ɗoro su a amalanke ya rufe da harawa, ya ratso ta cikin gonarsa kamar mai dawowa daga aiki. Ban ce halal ne a doka ba. Na dai ce tsoho ne mai iyali, kuma abin da yake ɗaukowa bai kai abin da ke zubewa daga babbar mota ɗaya ba.

Wata Juma'a muna cin tuwo mu uku, wasa ya yi wasa. Ɗalibina ya ce, "Baba, mun rufe boda. Yanzu Gobirawa sai ku koma cin kara."

Kawu ya ajiye loma. Ai Bagobiri ba ya bari Bayarabe ya yi masa rinjaye a gaban tuwonsa. "Ku mi kuka ruhe? Kwalta kuka ruhe. Ni da rana tsaka nika wucewa, bawana, sa'ad da kuke kwance ƙarƙashin itacen bedi kuna hamma. Harawa bisa, shinkafa ƙasa, ta gindin tsamiyar gonata. In ka isa ka zo ka kama ubangidanka."

"Wa ya isa ya taɓa Baba?" in ji yaron, yana dariya.

Duk muka yi dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Abin da nake ji a lokacin kawai shi ne yadda ɗalibina ke mayar da magana ba gargada. Ko a mafarki ban kawo komai ba, domin irin wannan cika bakin shi ne gishirin wasan. Kowane Bagobiri yana yi wa Bayarabensa, ba a taɓa jin ya zama shaida ba.

Ba a daɗe ba, wata rana da azahar ina fitowa daga aji, maƙwabcin Kawu ya tare ni a kan babur ya ce in zo. Na tarar da Kawu zaune a bayan gida inda turakun bijiman suke, ba bijimai, ba amalanke. Ga ragowar dusar da ya jiƙa musu da safe a kwatarniya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, sannan ya ba ni labari a hankali, ba ɗaga murya.

Ya ce yana isowa gindin tsamiya ya ga mota da masu kaki, bawansa a gaba. Yaron ya tako har gaban amalanke ya durƙusa a cikin ƙura, da kakinsa da komai. Ya yi sallama. Ina wuni Baba, ina gajiya, ya iyali, ya Inna, ya shanu. Bai tsallake ko ɗaya ba, Kawu kuma yana amsawa, don ba a ƙin amsa gaisuwa. Sannan ya ce, "Baba, a yi haƙuri, aiki ne ya biyo ta kanka. Don Allah a sauko." Kawu ya ɗauka wasa ne, har ya miƙa hannu ya fizge masa hula yana cewa yau bawa ya yi girman kai. Sai da ya ga sauran sun yaye harawa, ɗaya ya karɓi igiyar bijimai, sannan ya gane. Ya miƙa masa hularsa. Da za su tafi yaron ya sake russunawa ya ce, "Allah ya mayar da alheri, Baba."

Kawu ya riƙa juya wani guntun igiya a hannunsa. Can ya ce, "Da da Turanci ya kama ni, da ban ji komi ba. Mai kaki ne, aikinshi ne, ni ma na san abin da nika yi. Amma durƙusa mani ya yi. Wa ya koya mashi durƙuson ga?"

Ya san amsar, ni ma na sani.

Washegari na sami yaron a Magama. Raina a ɓace yake ƙwarai, na shirya maganganu iri-iri tun daga gida. Yana hango ni ya taso da fara'a yana gaishe ni. Na ce ya ajiye gaisuwar. Ya koma Turanci ya ce in fahimce shi, manyansa sun sa masa ido, ana cewa ya zama ɗan gari, ya saba da mutane har ba ya iya kama kowa. Ya ce ko dai ya kawo kamu ko a ɗauka da shi ake yi. Na ce duk faɗin dajin nan bai ga kowa ba sai tsohon da ya ci tuwo da shi? Na ce ina sharaɗin da na gaya masa?

Ya dube ni, kuma wallahi ban ga alamar rainin hankali a idonsa ba, da gaske yake. Ya ce, "Malam, ban zage shi ba, ban taɓa jikinsa ba. Da wani ne da ya ture shi. Ni na yi masa magana yadda ka koya mini. Ko na yi kuskure a Hausar?"

Na ce, "Babu kuskure ko ɗaya." Na hau babur ɗina na tafi.

Na yi zarya neman bijiman nan har tafin ƙafata ya gaji. Wannan ofis ya ce wancan, wancan ya ce sai an ji daga sama. Daga ƙarshe aka ce in daina wahalar da kaina. Da damina ta faɗi Kawu ya koma jiran aron shanu, sai kowa ya gama huɗarsa sannan a zo tasa, shuka ta yi latti. Mutumin da yake yi wa rabin ƙauye huɗa. A ƙauyen kuwa aka sa mini suna malamin masu kaki. In na doso majalisa sai hira ta koma ta ruwan sama. Mahaifiyata ta ce, "Ba kai ka kama shi ba, kowa ya sani. Amma ɓarawo ba ya shiga gida da sallama sai in ɗan gida ne ya koya masa." Na ce Inna ba ɓarawo ba ne, ma'aikaci ne. Ta ce to.

Kawu bai taɓa yi mini faɗa ba. Da ma ya yi. Juma'ar da ta biyo baya na je kamar kullum, sai ya tashi zaune ya gyara riga ya ce, "Maraba da Malam. Ina gajiya? Ya aiki? Ya ɗalibai?" Ya jero mini gaisuwa cikakkiya, irin wadda nake koyarwa. Da aka kawo abinci, nasa a akushi, nawa a kwanon baƙi mai murfi, har da cokali. Na ce, "Kawu, ni ne fa." Ya ce, "Na sani, Malam. Bismilla."

Haka muka ci gaba har Allah ya karɓi ransa. Bai fasa karɓata ba, bai fasa sa wa 'ya'yana albarka ba, bai taɓa ɗaure mini fuska ba. Amma ban sake jin ɗan boko a bakinsa ba, hannuna kuma bai sake shiga akushin nan ba. Na sha tsokanarsa da gangan ko zai rama, sai ya yi murmushi ya ce Malam ke nan.

Wasu cikinku za su ce yaron aikinsa ya yi, doka doka ce. Na ji, kuma ba zan yi musu ba. Wasu za su ce halin ƙabila kaza ne, su kuma ina roƙonsu kada su kawo mini wannan a ƙarƙashin rubutuna, domin wanda ya riƙe igiyar bijiman ranar Bahaushe ne ɗan'uwana. Abin da ke ci mini rai daban ne. Hanyar koyarwar nan tana aiki, tana aiki fiye da yadda malamar bitar ta faɗa. Na ɗauki mutumin da bai iya ina kwana ba na mayar da shi ɗan gida a ƙasa da shekara. Sai dai duk abin da na koya masa abin da ake gani ne, inda ake cire takalmi, inda ake durƙusawa, abin da ake faɗa. Nauyin da ke bin wanda aka buɗe wa zaure kuwa, na faɗa masa da baki, ya ce ya gane, kuma ban san wane aiki zan tura mutum ya yi a kasuwa ya dawo da shi ba.

Har yanzu ina koyarwa, kuma da ayyukan nake koyarwa. Ma'aikatan asibiti baƙi sukan zo, in koya musu yadda ake tambayar tsohuwa inda ke mata ciwo. Amma wasa ban sake koya wa kowa ba, kuma ban sake kai ɗalibi gidan da nake cin tuwo ba.

Shi yaron an daɗe da mayar da shi wani wuri. Ranar sadakar ukun Kawu ina zaune kan tabarma wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Na ɗauka, sai na ji muryarsa. "Salamu alaikum, Malam. Ashe Baba lokaci ya yi. Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi." Ya yi ɗan shirun nan da ake yi, daidai tsawon da na koya masa. Na kasa kunne sosai ko zan ji tuntuɓe ɗaya da zan riƙe in ji sanyi a raina. Babu. Ga mutane zaune suna kallona, ni kuma ɗan gidan Kawu ne, ba a ƙin amsa gaisuwa.

Na ce, "Amin. Na gode, Allah ya ba da lada."